Motar da Inna Ta Yi Jinya

A gidanmu na Kurfi, wutar ƙuli ita ce wutar tatsuniya. Inna, kakata ta wajen uba, da ƙuli da man gyaɗa aka san ta. To idan ta sauke kaskon ƙarshe bayan sallar isha'i, garwashin nan ba a barinsa ya mutu a banza. Sai mu zagaye shi, mu jikoki wajen takwas, kowa da guntun ƙuli mai zafi yana jefa shi daga wannan hannu zuwa wancan. Lokacin ban fi shekara tara ba, Turawa ma ba su tafi ba tukuna. Ni Inna ke ce wa maigida, ta kuma ce duk cikin mazan da ta aura ba ta taɓa samun matsiyaci kamata ba, ko gishiri ban taɓa kawowa ba, sai ci.

Kafin in ba ku tatsuniyar, bari in gaya muku abin da ke bayan ɗakinta. Mota ce. Wata baƙar tsohuwar mota, mai dogon wuya da manyan fitilu biyu kamar idon mujiya, an ɗora ta bisa kututturai huɗu a ƙarƙashin rumfar kara. Ta kakanmu Sanda ce, wanda ya yi wa wani baƙo mai sayen gyaɗa direba shekara da shekaru, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Sai yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, ya zo, fetur ya ɓace, taya ta ɓace. Kakanmu ya jingine ta yana jiran duniya ta daidaita, Allah bai nufa ya ga ranar ba. Mu dai da muka taso, kaji muka tarar suna ƙwai a kujerar baya, an kuma hana mu ko leƙa ta.

Inna tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da nake roƙo har sauran yara su ji haushina. Takan gyara zama ta ce, ga ta nan tafe, a ba ta hanya. Mu ce mun shimfiɗa mata tabarma.

Wani mafarauci ne, in ji ta, ya tsinci wata dabba a hanyar Katsina. Ba ta cin ciyawa, ba ta cin dusa. Zuciya huɗu gare ta, kuma ba ta tashi daga barci sai an murɗa mata hanci. In ta tashi kuwa, sai ta ɗauke shi daga Kurfi ta dire shi a Dutsin-Ma tuwon da aka kwashe masa bai huce ba. Nan sai Inna ta kumbura kumatu ta yi mana kukan dabbar, tun daga tarin farko har ta miƙe da gurnani. Ana nan sai ruwan da dabbar ke sha ya ƙafe a duk duniya. Ta ce wa mafarauci za ta yi barci mai tsawo, amma ya taimake ta, duk tsayuwar wata ya ɗiga mata mai a zukatan nan huɗu, ya murɗa mata hanci sau bakwai, kamar yadda ake juya majinyaci don kada jikinsa ya kama tabarma. Ta ce 'yan'uwanta da suka yi barci ba a samu mai juya su ba, su ne duwatsun can na Dutsin-Ma. Wallahi na daɗe in aka tafi da ni kasuwar Dutsin-Ma ina kallon duwatsun nan, ina neman inda idanunsu suke.

Mafarauci ya yi ta juya ta har ciwon ajali ya kama shi, ya kira matarsa ya bar mata aikin. Daga nan Inna sai ta datse labarin, ta hau tona garwashi da tsinke. Duk sauran tatsuniyoyinta tana rufe su, wannan kaɗai take bari a buɗe. Nakan ce, to Inna ta farka?

Sai ta ce, "Maigida, labarin bai kai nan ba tukuna. Tashi ka ba ni wuri."

Wata safiya na tashi fitsari da asuba na gan ta a rumfar. Ta ɗaga murfin gaban motar, ta kwance wasu abubuwa huɗu da ƙaramin sifana, ta tsoma gashin kaza a kwalbar man gyaɗa tana ɗigawa cikin ramukan. Sannan ta soka wani lanƙwasasshen ƙarfe a hancin motar, wanda daga baya na ji direbobi na ce wa handul, ta juya tana ƙirgawa a hankali. Bakwai. Ta mayar da komai, ta shafa jikin motar ta wuce alwala. Da ma a magaribar da ta gabata aka ga sabon wata. Ashe unguwa duk an sani, shi ya sa matan maƙwabta ke ce mata mai jinyar ƙarfe, suna dariya a bayan idonta.

Ina jin tun daga ranar ƙarfe ya shiga raina. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Da keken babana na fara, na wargaza shi na sha duka, na haɗa shi na sake wargazawa. Da na tasa na koma Dutsin-Ma ina gyaran keke, daga nan injin niƙa, kuma duk babbar motar da ta mutu a tasha sai an gan ni a ƙarƙashinta ko ba a kira ni ba. Akwai Baba Yohanna, wani dattijon bakanike mutumin Filato, bai taɓa cewa ni almajirinsa ba ne, amma bai taɓa korata ba, in na yi tambaya yakan amsa rabi ya bar ni in nemo rabi.

To bara, ana saura kamar wata biyu damina, aka aiko mini daga gida. Baffa Sule, wan babana, wanda gidan ke hannunsa, ya yi wa maƙera alkawarin motar su sare ta su yi fartanyu da garemani. Ba mugunta ba ce. An kashe kububuwa a rumfar, taku biyu daga inda yara ke wasa, ga shi kuma Inna ido ya yi rauni, hannu ya daina iya juya handul, wata uku ke nan tana sa wata jikanya na juya mata. Na je na durƙusa gaban Baffa na roƙe shi. Ya ce shekara ashirin da biyar ana ba gawa magani, ya isa. Da na nace sai ya ce to, in ta yi kuka kafin ruwan fari ya sauka, tawa ce. In ruwa ya riga ni, maƙera za su shigo, kada in ƙara ɗaga maganar. Inna tana ɗaki tana jin mu.

Na koma na gaya wa Baba Yohanna. Ya yi dariya har da tari. Ya ce injin da ya shekara biyu kawai a ajiye, fistin ɗinsa kan manne da tsatsa, balle ashirin da biyar, wannan ai ya zama dutse. Kalmar da ya faɗa ke nan, dutse. Sai da na yi kwana uku ina binsa sannan ya yarda, ran Lahadi bayan ya taso daga coci muka hau keke muka nufi Kurfi.

Ya zagaya motar yana girgiza kai. Ɓeraye sun cinye wayoyi, tankin mai ya huje, lagireto, ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, kamar rariya. Ya soka handul ya danna da yatsa biyu, don dai ya nuna mini ba za ta motsa ba. Ta juya. Lumui, kamar ana dama kunu. Ya sake juyawa, ya kara kunne jikin injin, ya cire hula. Ya tambaya wa ke taɓa motar nan, na nuna masa ɗakin Inna. Ya je bakin ƙofa ya durƙusa, dattijo da furfurarsa.

Ya ce, "Mama, wa ya koya miki wannan aikin?"

Ta ce, "Ba aiki ba ne. Cewa aka yi in riƙa juya ta, nake juyawa."

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zo da sauƙi. Man gyaɗan nan ya hana tsatsa, amma ya daskare a ciki kamar ƙaro, sati biyu na yi ina wanke shi da kananzir da tsohon buroshi. Ku ga cikin injin da na buɗe shi. Ramukan nan huɗu suna sheƙi, ko ƙwarzane babu, na zauna ina kallonsu kamar wanda ya leƙa rijiya ya ga taurari. Na ja sababbin wayoyi. Mai dalma ya like mini lagireto. Tanki ya fi ƙarfina, sai na rataye galan na fetur a jikin rumfa na jawo tiyo zuwa kafireto, inda fetur ke haɗuwa da iska. Baba Yohanna ya ara mini batir, ya ja mini kunne kada in sa babban yatsa ya zagaye handul, in ta yi tutsu za ta karya shi.

Ran da na gama, tun hantsi gabas ta yi baƙi. Maƙera biyu suna zaure da kurfunansu na saran ƙarfe da guduma, Baffa ya ba su fura suna sha. Na juya, shiru. Na juya har tafin hannuna ya saɓule, sai wata 'yar atishawa ta yi ta koma. Iska ta fara kaɗa karan rumfa, ana jin ƙanshin ƙasa daga nesa. Sai ga Inna an riƙo mata hannu. Ta tsaya ta saurara, ta ce kakanmu in zai tashe ta da sanyin safiya, yakan toshe mata baki da tafin hannu ta shaƙi numfashi biyu tukuna. Na sa tafina na rufe bakin kafireto, wani ƙanena ya juya sau biyu, na karɓi handul na fizga sama.

Ta yi tari. Ta sake tari. Sannan ta miƙe da gurnani, kuma jama'a, kukan nan shi ne sak wanda Inna ke yi mana a bakin garwashi, har da 'yar shessheƙar da ke tsakiya. Farin hayaƙi mai warin suyar ƙuli ya cika gida, kaji suka watse, yara suka ruga, maƙera suka leƙo da kwanon fura a hannu. Baffa ya tsaya yana ta salati. Ba a fi rabin sa'a ba ruwa ya ɓarke.

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta lallaba ta ɗora tafinta bisa murfin injin, ta daɗe a haka. Sannan ta ce, a hankali, kamar ba da mu take ba, "Ta yi ɗumi."

Wannan kalma ita ke dawo mini duk ran da na kwanta ƙarƙashin wata tsohuwar mota, don yanzu an fara kawo mini su, har daga Wurma an jawo mini wata da shanu. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta dabba mai zuciya huɗu ce. Yanzu na gane ta matar ce. Ni wata biyu na yi ina aiki, kuma na san abin da nake nema, ga mutane na kallo. Ita shekara ashirin da biyar tana tashi da asuba ta taɓa ƙarfe mai sanyi, ba ta san mene ne fistin ba, ba wanda ya ce mata ranar za ta zo, ana ma yi mata dariya. Ana ce mini wanda ya tashi mota, ni kuwa na san a raye na same ta. Wani Alhaji daga Katsina ya zo har sau biyu yana so in sayar masa, na ce ya yi haƙuri, mai ita tana ɗaki.

Da magaribar ranar da motar ta tashi, ruwa na zuba, muka taru a ɗakinta da ƙananan jikoki. Na ce, to Inna, yau dai sai ki rufe mana tatsuniyar. Ta laluba ƙarƙashin tabarma ta ɗauko sifanan nan da gashin kaza, ta danƙa mini a hannun da ya saɓule.

Ta ce, "Ta farka. Saura ka nemo mata takalma, maigida, ka kai ni Dutsin-Ma in ga ko tuwon zai huce."