Biyu, Huɗu, Shida Nasa Ne

A asibitin nan, kowa Anti mai kwamfuta yake ce mata, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa leƙa ɗakinta. Ba taga, sai sanyi da wata baƙar na'ura mai gurnani. Mijinta ya rasu, 'yarta ta yi aure nesa, ko abincin rana ita kaɗai take ci a kan tebur.

Asibitin yana da reshe a wani gari, kuma kullum da safe kwamfutocin biyu sukan kwafi rajistar juna. To, kowacce da kanta take ba sabon majiyyaci lamba, ba ruwanta da 'yar'uwarta. Ran nan lamba 812 ta faɗa kan wani tela a nan, ta faɗa kan wata mai jego a can. Da aka kwafa, tela ya haɗiye mai jego ɗungurungum!

Anti ta ɗauki waya ta wanke tsohon da ke kula da ta can tas, kamar shi ya ƙera na'urar. Sai da ta gaji ya yi dariya, ya maido da mai jego, ya ce, “Ƙanwata, ki saita taki tana tsallake: ɗaya, uku, biyar. Ki bar mini biyu, huɗu, shida.”

Shi ke nan, lamba ba ta sake karo ba. Ba su taɓa ganin juna ba, amma kowace safiya yakan shigar da layin gwaji ɗaya, don a tabbatar kwafi na tafiya, a gurbin suna ya rubuta: Ina kwana, ƙanwata. Shekara tara. Wallahi saboda layin nan take sammako, ko da yake ba za ta yarda ba.

Wata Litinin layin bai zo ba. Talata ma shiru. Ran Laraba ta buga, ɗansa ya ɗauka, ya ce an kai Baba makwancinsa tun ranar Lahadi.

Ba a jima ba aka rufe reshen. Manaja ya leƙo, karonsa na farko a ɗakin, ya ce tunda kwamfuta ɗaya ta rage, ta mayar da ƙirga ɗaya bayan ɗaya, wannan tsallake-tsallaken ya isa. Aikin minti biyu ne, ta sani sarai.

Ta ce, “Yallaɓai, gurbin nan da mai shi.”

Har yau in ka yanki kati a asibitin, duba lambarka. Ba za ta ƙare da biyu ba.