Irin Shinkafar da Bai Tsiro Ba

Kafin a kai ni kaso, ni mai buga takardu ne a Gaya. Ɗan manoman gero ne ni daga Zabori. Na yi lakwal, wato boko, har na iya ordinatar, kwamfuta ke nan, na kama ɗan shago kusa da tasha. Masu fiton kaya a duwan, wato kwastan, su ne abokan cinikina. Ban yi arziki ba, amma ba wanda ya taɓa kirana ɓarawo.

Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar iyaka da ke kan kogi, sai aiki ya tsaya cak. Manyan motoci suka yi layi a ƙetaren kogi wata da watanni. Ni kuwa sai zaman kallon ordinatar da korar ƙuda.

Wata rana wani tsohon malamin lakwal ya zo da takardarsa a cikin waya. An kulle ta da kode, wato lambar sirri, shi kuma ya manta. Na tambaye shi ranar haihuwarsa. Ya yi dariya ya ce, "Irin tamu ce, ɗaya ga watan ɗaya." Mutanenmu da ba a rubuta haihuwarsu ba, duk ranar nan ake ba su. Na buga, takarda ta buɗe. Ya sa mini albarka, ya baza labarina. Sauran dabarun cire kode na koye su a intanet.

Da farko masu takardun ne ke zuwa. Daga baya sai masu takardun wasu. Ban tambaya ba, su ma ba su yi bayani ba.

Sai ga wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji. Irin shinkafarsa ya daɗe a mota cikin rana kafin a ƙetaro da shi a kwalekwale. Labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, ya gwada, ya aiko da sakamako a kulle don kada a taɓa: irin ya mutu. Alhaji ya ce, "Layi guda ne, ƙanena. Mi zai rage ka da shi?" Na cire kode, na goge layin, na rubuta cewa irin lafiyarsa lau. Na buga takarda da tambarin labo a kanta.

Ranar kasuwa wani dattijo ya shigo, Baba Hamani, manomin shinkafa daga Tunuga. Ya sayi irin Alhaji, an ba shi kwafin takardar. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Ɗana, ni ba Faransanci. Karanta mini." Na karanta masa ƙaryata da bakina.

Ya ce, "To ba sai na jiƙa ba ke nan?"

Na san abin da yake nufi. Manomi yakan ɗebi irin da hannu, ya ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku, ya ga ko zai tsiro kafin ya zuba a gona. Babana ma haka yake yi. Kwana uku kawai. Na ce, "Ba sai ka jiƙa ba, Baba. Labo ya riga ya yi." Ya yi godiya ya fita.

Irin bai tsiro ba. Kafin manoma su gane, lokacin shuka ya wuce. Suka kai ƙara, labo ya fito da takardarsa ta asali, Alhaji ya nuna shagona tun kafin jandarmomi su gama tambayarsa. Da alƙali ya yanke mini hukunci ban ji komai ba. A kaso ma haka: na ci, na kwanta, na tashi. Mahaifiyata ta zo sau ɗaya, ta yi ta kuka, ni ina kallon bango.

Da na fito sai na tafi Tunuga. Aka ce Baba Hamani ya sayar da gonarsa a shekarar da irin bai tsiro ba don ciyar da gida. Na same shi a cikinta, ruwa har gwiwa, yana yi wa wanda ya saya dashe, ana biyansa da yini. Na tsaya a bakin kunya na ce ya yafe mini. Ya ɗago ya daɗe yana dubana.

"Kai ne mai karatu," ya ce. "Na yafe. Matsa, kana taka shukar mutane."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Ku matasa masu wayoyi a hannu, na san kun fi ni iya wannan aiki. In an kawo muku takarda a kulle, ku tambaya ta wane ce. In ba ta mai kawowa ba ce, ku miƙa masa abinsa. In an ce layi guda ne, ku tuna akwai wanda bai iya karatu ba, kuma wurinku zai zo ku karanta masa.