Tarin Auta

Uwar Benci ake kiranta a asibitin, domin shekara goma sha biyar ke nan tana zama a kan dogon bencin da ke ƙofar ɗakin karɓar maganin ƙanjamau. Da farko jiran magani take yi kamar kowa, ga cikin Auta wata bakwai, miji kuma ya kwanta dama. Daga baya zaman ya koma aiki, ko da yake ba wanda ya ɗauke ta. Duk macen da aka gaya wa sakamakon gwaji ta fito tana haɗa hanya, wajenta nas ke turo ta. Sai ta matsa mata wuri, ta ciro kwalbar maganinta ta girgiza, ta ce, "Kin gan ni nan? Ni ma shi nake sha. Zauna, 'yar'uwa, ba yau za ki mutu ba."

A kan bencin nan ta ga masu bincike kala-kala, kuma ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Su zo da farar mota, da gorar ruwa a hannu, su tambayi mace sau nawa take kuka a mako, su rubuta. Kuɗin tallafi na ƙarewa su yi ɓatan dabo, su bar allon sanarwa yana tsatsa a bango. "Kaji ne," in ji ta, "inda aka watsa tsaba nan za ka gan su."

Ita damuwarta ɗaya ce. Da cutar aka haifi Auta. Magani ya danne ƙwayar, amma tun tana shekara shida take wani tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sau uku ana gwajin tarin fuka, ba shi ba ne. Yarinya 'yar shekara sha huɗu, sai ta huta sau biyu kafin ta hau benen makaranta. An ce sai hoton babban inji da likitan huhu, abin da ya fi ƙarfin uwar nesa ba kusa ba.

Ana cikin haka sai ga Farfesa, mai tumbi da ƙamshin turare, wanda kowace mace "Mama" ce a bakinsa don ba shi da lokacin riƙe suna. An ba shi tallafi daga waje ya binciki cututtukan da ke zaune wa uwaye da 'ya'yansu masu ɗauke da ƙwayar: hawan jini, suga, ƙoda, huhu. Uwa ɗari uku yake nema, kowacce da ɗanta, hoto da likita da magani kyauta har shekara uku. Wata guda yana zaune a ofis, mata tara kacal ya samu. Wa zai ba baƙo asirinsa? Dole kanwar na ƙi, ya sauko har benci ya rage tsawo, ya roƙe ta ta nemo masa matan.

Ta karɓi aikin saboda kalma ɗaya, huhu. Ta ɗauki ƙullin atamfofi ta shiga gida-gida a matsayin dillaliya, don kada maƙwabta su gane abin da ya kawo ta. Wata ta kore ta, wata ta yi kuka, wata sai da aka jira miji ya fita. Takardar Auta kuwa tana ninke a ƙasan jaka. Shekara goma sha biyar kullum ita ce ta ƙarshe a layin magani, da haka ta sayi yardar matan nan, kuma ta san bakinsu. In ta sa 'yarta a gaba, gobe a ce ta ci da su. Ta ɗauka wanda ya dafa tukunya ba ya rasa ƙanzo, ba ta tambayi kowa ba.

Ranar da ta kawo wata mata da ta yi wa sintiri sau uku, mai kwamfuta ya buga sunan ya miƙe yana murna. "Ɗari uku cif, Mama. Kin gama mana aiki."

Ta miƙa masa takardar Auta. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce na'ura ta rufe, ko mutum ɗaya ba ta ƙara karɓa.

Farfesa ya tarbe ta da "Ayya" mai maiƙo. "Ai da kin faɗa tun farko, Mama. Ƙa'idar masu ba da kuɗi ce, ba tawa ba." Yana cikin magana tari ya sarƙe Auta da ke jiran uwar a baranda. Ya karkata kai yana saurare. Uwar ta ce a ranta ashe dai akwai sauran likita a cikin tumbin nan.

"Tun yaushe take haka?"

"Shekara takwas, ranka ya daɗe."

"Yauwa. Ranar Laraba masu tallafin za su zo, muna neman ƙarin kuɗi a yi zagaye na biyu. Ki zo da ita. Takarda ba ta tari, amma in suka ji wannan da kunnensu, an gama."

Ta dube shi daga takalmi har tabarau. Ba ta taɓa raina ɗan'adam kamar yadda ta raina shi a lokacin ba. Yarinyar da ko aminiyarta ta aji ba ta san me take ɗauke da shi ba, ita za a kai gaban baƙi a baje kamar hajar kasuwa. Ta fito ta tofar da yawu a gindin farar motarsa. Kwana biyu tana lissafin wata hanya, ba ta samo ba. Ranar Talata ta goge wa Auta riga.

Ɗakin taron otal ne, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Baƙi huɗu suna gaba da 'yan littattafansu, Farfesa yana nuna musu zane a bango, mai hoto yana zagaye. Sanyin ya kama ƙirjin Auta. Ta cusa hankici a baki ta danne, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba, don kada kowa ya waiwayo ya gan ta. Farfesa ya ɗago ya dubi uwar ta saman tabarau.

Uwar Benci ta tsani kanta fiye da yadda ta tsane shi. Ta sunkuya, ta zare hankicin daga hannun 'yarta a hankali.

"Kada ki danne, Auta. Yi da ƙarfi, su ji."