Amaryar da ta gaji fiton Baba

Jiya ina shanya a gidanmu na Narayi sai na ji fiton Baba, wanda yake yi a bakin get in ya taso daga masaƙa, mu ruga mu karɓi kekensa. Baba kuwa ya daɗe da rasuwa.

Tsuntsunsa ne kaɗai ya iya fiton, ɗan akun nan mai tukku da ake kira kokatil. Ganin kaɗaici ya dami tsuntsun, na sayo masa amarya a Gonin Gora. Mai sayarwa har da rantsuwa wai mace ce, in duba zanen jelarta. Bana tsohon tsuntsun ya mutu, muka ce shi ke nan, fiton ya tafi.

Jiyan da na ji fiton, na leƙa keji. Amarya ce ke fito!

Mama ta ce, "Mace ba ta fito haka. Ƙanana duk kamar mata suke sai sun sake gashi. Namiji ne."

"Ashe cuta ta aka yi! Zan mayar da shi."

"Taɓa kejin nan ki gani! Mata kika nema masa, Allah ya ba shi magaji."

Ku fa, wane sauti ne ke dawo muku da wanda kuka rasa?