Hatimin Gindin Farantin Inna

Jama'a, ashe hatimin nan na farantin Inna ba daga Makka yake ba!

Kun tuna farantin tangaran mai shuɗin zane da marigayiya Inna ke ajiyewa a saman jerenta? Wanda in ɗayanmu ya yi zazzaɓi take wanke rubutun gindinsa ta ba shi ya sha? To yau na gaji da zama ni kaɗai, tunda duk kun watse kun bar min gidan Ƙofar Wambai. Na leƙa na kira maƙwabcinmu Malam Sabo, wanda ya yi karatu a ƙasar Sin. Na zuba mana dabino a farantin.

Mutumin nan ko kallon dabinon bai yi ba! Ya juye shi a tabarma, ya ƙwanƙwasa farantin da farce. Sai ƙara kamar ƙararrawa! Ya ɗaga shi a rana, ya kifa shi.

Ya ce, "Malam Bala, wannan ai Sinanci ne. Sunan sarkin zamanin da aka gasa shi ne. Dubi zanen, da hannu aka yi. In ba kwaikwayo ba ne, ya girmi kakan kakanka."

Na ce, "Mu fa shan sa muka yi!"

Ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "Kafin in tabbatar, sai mun san yadda ya shigo gidan nan. Wa zai sani?"

Wallahi ban san sanda na juya na ƙwala kira ba: "Inna!"

Ɗakinta a kulle yake. Makullin ma yana aljihuna.