Cafewa Ɗaya ta Lonzell Pettway

A garinmu na gaɓar Misisipi, Lonzell Pettway ne kaɗai ya taɓa kaiwa babbar gasar ƙwallon Amurka. Aikinsa ya sheƙa da gudu, a jefo, ya cafe.

Sai dai shekara biyar yana cikin 'yan atisaye. Kowane mako sai a ba shi lambar macafin ƙwallo na ƙungiyar da za a kara da ita, ya kwaikwayi gudunsa don masu tsaron baya su saba. Ranar Lahadi kuwa, ranar wasa, yana gefen fili, hannu cikin aljihu.

Wata Laraba ya cafe uku a jere a kan Tyrus Bohannon, tauraron masu tsaron. A atisaye ba a taɓa ƙafar mutum. A ta huɗu Tyrus ya shigar masa gwiwa da kafaɗa.

"Ayya, ban gan ka ba, ɗan aro," in ji Tyrus, yana dariya. "Wai yau sunan wa kake amsawa?"

Aka sallami Lonzell yana dogara sanda. Shekara guda yana gidan uwarsa. Bai taɓa ambaton Tyrus ba, amma kullum da safe muna ganinsa yana hawa gangaren kogi don ƙarfafa gwiwar.

Ana saura kwana shida su kara da tsohuwar ƙungiyarsa, wata ƙungiya ta ɗauke shi. Kowa ya san dalili: asirin gidan da ya baro ake so.

"Komai zan faɗa, koci," ya ce wa sabon kocinsa, "ban da na Tyrus. Wannan sai a fili."

Sau ɗaya suka sa shi, ana dab da tashi.

"Kai, tsoho! Gwiwar ta bar ka?" Tyrus ya ce da suka fuskanci juna.

"Matso ka duba ta, ƙanena."

Ya yi kamar zai karya hagu. Shekara biyar ya sani cewa Tyrus ba ya iya haƙuri da wannan. Tyrus ya zabura, ƙafafunsa suka harɗe, ya zauna daɓas gaban mutum dubu saba'in. Lonzell ya cafe, ya ƙarasa layin ci yana tafiya, yana waiwayensa.

Ranar Talata aka sallami Lonzell. Tyrus ma bai ƙare kakar ba. Duk macafin da ya ga bidiyon wasan ya gwada masa wannan dabarar.

Yanzu Lonzell motar makaranta yake tuƙawa. An ce Tyrus ya taɓa kiransa a waya. Lonzell ya dubi sunan, ya ci gaba da cin soyayyen kifinsa.