Na Mayar da Kukan Innata Kiɗan Rawa

A shekarun da nake magana, ni ne wanda masu shirya fim da 'yan wasan daɓe ke yi wa layi a ƙofar situdiyo a Lafia. Na fara da kiɗa wa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu, har ta kai duk fim ɗin da na sa wa sauti sai an san da shi. Kaina ya kumbura. Gani nake duk karin da ya shiga kunnena ya zama nawa.

Mahaifiyata tana Kwandere. Tana da wata waƙa da yarenmu da take rerawa ƙasa-ƙasa in tana ɓare rogo, kuma ba ta yin ta sai ta tuna yayana da ruwa ya ci tun ina goye, ba a ga ko gawarsa ba. In ta fara, duk gidan shiru ake yi. Wata rana na je gaishe ta, lokacin wani darakta ya matsa mini lamba kan waƙar soyayya, ni kuwa kaina ya ƙafe. Sai na kunna waya a aljihu na naɗe ta ba ta sani ba. Da na koma na ƙara wa karin sauri, na ɗora ganga da fiyano, na sa wata mawaƙiya ta hau da kalaman soyayya. Muryar Inna kuwa na goge ta, don kada wani ya gano inda na samo.

Waƙar ta karaɗe gari, har lambar yabo aka ba ni. A wani biki a Assakio Inna ta ji ta, 'yan mata na ta rawa ana liƙi. Ƙanwata ta ce Inna tsayawa ta yi da kwano a hannu tana tambayar wa ya rasu. Aka yi dariya, aka ce mata ai ni na yi waƙar. Ta ce a mai da ita gida. Da na je ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi ba ta da hoton yayana, ba ta da kabarinsa, wannan waƙar ce ta rage mata, ga shi na kai ta dandali. Ni kuwa, wallahi da bakin nan nawa, na ce mata ai ɗaukaka waƙar na yi.

Ba ta sake rera ta ba har Allah ya karɓi ranta. Bayan sadakar bakwai ƙanwata ta roƙe ni in kunna musu muryar Inna, tunda na naɗa. Na kasa ɗaga kai, don da hannuna na goge ta daga wayar.

Na gane a makare cewa wani karin ba na saurare ba ne, ciwon mai shi ne. 'Yan'uwana masu sana'ar nan, ku tambaya kafin ku naɗa, ko da uwarku ce. Ni dai na rufe situdiyo, amma har yau in mai keke ya wuce da waƙar yana kaɗa kai, kukan uwata nake ji.